Ukasha a Kujerar Dama

A Danwarai ba mai kiran Ukasha da sunansa in ba mahaifinsa ba. Tun ranar da ya hau motar Zariya zai tafi koyon tuƙin jirgin sama mutanen garin suka raɗa masa Kyaftin, sunan kuwa ya bi shi. Da farko yakan tsaya ya gyara musu. Ya ce kyaftin shi ne mai zama a kujerar hagu, mai igiya huɗu a kafaɗa, shi ke da jirgi, shi ke yanke hukunci. Shi kuwa igiyarsa uku ce, kujerarsa ta dama, mataimaki ne. Sai su yi dariya su ce kunya ce irin ta gidan Malam Waliyyu. Da ya gaji ya ƙyale su.

Malam Waliyyu, mahaifin Ukasha, manomin albasa ne, kamar nasa uban. Babban ɗansa Lawali ya bi shi fadama tun yana ƙarami, Ukasha kuwa Allah ya ba shi kan lissafi, ya yi sakandare a Aliero yana zuwa a keke. Shekarar da aka nemi yaran jiha waɗanda za a tura koyon tuƙin jirgi, wani malaminsa ya matsa masa ya zauna jarrabawar, ya kuwa ci. Ya yi karatun, ya sami lasisi, ya dawo gida da shi cikin jaka yana tsammanin kafin wata ya ƙare za a kira shi aiki. Sai da ya yi damina uku a Danwarai yana taya Lawali juya albasa a rumfa, yana tsince ruɓaɓɓu, mutane na wucewa suna cewa sannu da aiki Kyaftin.

Kamfanin da ya ɗauke shi daga baya ƙarami ne, jiragensa masu farfela ne, suna zirga-zirga tsakanin Abuja da garuruwan da manyan jirage ba sa damuwa da su. Ɗaya daga cikinsu yakan sauka Birnin Kebbi da la'asar, ya kwana, ya koma Abuja da safe. Matuƙa ba sa son wannan hanya. Gajera ce, kuma kwanan Kebbi yana raba su da iyalansu. Da shugaban matuƙan kamfanin ya ji sabon yaron ɗan can ne, sai ya tambaye shi ko zai yarda a ajiye shi Kebbi gaba ɗaya, ya zama mataimakin da ke wurin kullum, kyaftin kawai za a riƙa canzawa.

Ukasha bai bari ya rufe baki ba ya amsa. A ganinsa kyauta aka yi masa. Ya kama gida a Jega, inda tafiya zuwa filin jirgi ba ta kai awa ɗaya ba, ga Danwarai kusa. Ya auri Raihanatu, 'yar Maiyama, malamar firamare, ta nemi canjin wurin aiki ta dawo Jega. Ranar da ya fara ratsa samaniyar garinsu yana riƙe da sitiyari, ya leƙa ta taga ya gane gulbi, ya gane hanyar Sakkwato, ya ga fadamun albasa shimfiɗe kore shar.

Abin da bai lissafa ba shi ne jadawali. Ƙarshen kowane wata yakan shigo masa a waya daga ofishin Abuja, inda wata ma'aikaciya mai suna Amira ke tsara wa matuƙa ranakun aiki. Akwai ranakun tashi, akwai na hutu, akwai kuma waɗanda ake kira jiran kira. Ranar jiran kira mutum ba ya aiki, ba kuma hutu yake ba. Wayarsa a kunne, kayan aikinsa a goge, in an kira shi ya isa filin jirgi cikin awa guda. Sauran matuƙa sukan sami irin waɗannan ranaku jefi-jefi. Shi kuwa da yake ba wani mataimaki a Kebbi sai shi, kusan duk ranar da ba ya sama yana jiran kira, har ranakun hutun ma Amira takan kira da muryarta mai laushi ta ce, "Ka yi haƙuri Ukasha, wanda zai zo gobe bai da lafiya. Kai ne kusa."

Haka duniyarsa ta tsuke. Jega tana cikin awa guda. Danwarai tana bakin iyaka, ga shi sabis yakan ɗauke a can in mutum ya shiga fadama. Maiyama kuwa ta wuce iyakar. Da ƙanwar Raihanatu ta haihu, a ƙofar gida ya tsaya ya sa matarsa a motar haya ya koma ciki. Da mahaifinta ya rasu ya yi ta kiran Abuja a sake shi, aka ce a ba su lokaci su nemo wani, kafin a nemo an riga an kai mamaci. Ya isa Maiyama ana watsewa daga maƙabarta. Ba wanda ya ce masa komai, surukansa ma sannu suka yi ta yi masa, amma Raihanatu ta yi kwanaki ba ta haɗa ido da shi sosai.

Ga kuma maganar awoyi. Ba a ba mutum kujerar hagu sai ya tara awoyi masu yawa a sama, sannan kamfani ya tura shi kwas na zama kyaftin. Waɗanda aka ɗauka tare da shi suna tashi sau huɗu, sau biyar a yini tsakanin garuruwan kudu. Shi sau ɗaya ne zuwa, sau ɗaya dawowa, wani makon ma a soke tashin saboda ƙarancin fasinja. Nasu awoyin na taruwa, nasa na ɗiga. Ɗaya bayan ɗaya ya riƙa ganin hotunansu a waya da sabuwar igiya a kafaɗa, yana tura musu barka.

Wata safiya ya isa filin jirgi ya tarar kyaftin ɗin ranar Yusuf ne. Wannan Yusuf ɗan Birnin Malam ne, ƙanen bayansa a makaranta, wanda Ukasha da kansa ya zauna ya koya wa yadda ake amsa tambayoyin shiga kamfanin. Yusuf ya miƙe da sauri ya ba shi hannu biyu.

"Yaya Ukasha, ina kwana. Wallahi ban san ni za su turo ba sai jiya."

"Lahiya lau, Kyaftin. Allah shi sanya alheri."

"Haba Yaya, kak ka ce mani haka."

"Nan cikin jirgi haka za ni ce ma. In mun sauka ka koma Yusuf."

Suka yi tafiyar lafiya. Yusuf ya bar masa sauka a Abuja, ya kuwa ajiye jirgin ba ko girgiza. Amma duk tsawon hanyar Yusuf in zai ba da umarni sai ya yi kamar mai roƙo, wannan ya fi komai yi wa Ukasha ciwo. Suna sauka ya wuce ofishin shugaban matuƙa ya ce yana so a mayar da shi Abuja, ko Legas, ko duk inda ake tashi da yawa.

Shugaban ya saurare shi har ya gama, ya yaba aikinsa, ya ce ba a taɓa kawo ƙararsa ba. Sannan ya buɗe hannuwa ya ce to wa za su sa a Kebbi? Duk wanda aka tura sai ya fara neman dalilin gudu. Ya yi haƙuri su ɗauki sababbin yara, da zarar an sami wanda zai karɓe shi za a sake shi. Aka ɗauki sababbin yara. Ba a sami ɗan Kebbi a cikinsu ba.

Sai da 'yarsu Hanan ta shiga aji uku na firamare awoyinsa suka cika. Sunansa ya fito cikin waɗanda za a tura kwas a ƙasar waje, inda ake da na'urar nan mai kwaikwayon jirgi da ake gwada matuƙa a ciki. Ya yi makonni yana karatu a tsakar gida, Raihanatu na riƙe da littafi tana jefo masa tambayoyi da Turancinta na malamar makaranta: in injin dama ya mutu ana cikin tashi me za ka fara yi, in wuta ta kama fa. Ta haddace amsoshin kusan kamar shi.

Ana saura 'yan makonni ya tafi, Lawali ya kira shi da hantsi ya ce Baba na son ganinsu su biyu, yau. Ranar jiran kira ce. Ukasha ya duba jadawali ya ga jirgin ba zai iso ba sai la'asar, da matuƙansa cikakku. Ya sa kayan aiki a bayan mota ya kama hanya.

Ya tarar da tsohon zaune a rumfar albasa, ana loda wata babbar mota da za ta kudu. Malam Waliyyu ya ce ƙarfinsa ya ƙare, yana so ya danƙa wa Lawali fadamun tun yana da rai, a gaban Ukasha, don kada wata magana ta taso bayansa. Ya sa suka taka tare har bakin iyakokin, yana dogara sanda yana nuna musu. Can cikin fadama sabis ya ɗauke. Da suka hauro wayar ta fara ƙara ba tsayawa. Amira ce. An sauya tsari, jirgin ya iso da wuri zai juya nan take, mataimakin da ya zo da shi lokacin aikinsa ya cika, doka ba ta bar shi ya ƙara tashi ba.

"Tun ɗazu nake nemanka. Kana ina?"

"Ina kan hanya," ya ce.

Ya ruga wurin motarsa ya tarar babbar motar albasa ta toshe ta, direban ya tafi cin abinci ba a san inda ya shiga ba. Ya ɗauko jakar kayansa, ya karɓi makullin babur ɗin Lawali. Rabonsa da hawa babur tun kafin ya yi aure. Bai kai titi ba ya shiga wani yashi da gudu, ƙafar gaba ta murɗe, ya ji shi a ƙasa a kan hannunsa na dama. Da ya ɗaga hannun ya ga yadda tsintsiyar hannun ta lanƙwashe, bai ji zafi ba tukuna, kwas ɗin ne ya fara faɗo masa a rai.

Mutane suka taru, aka sa shi a mota. Ya ce a kai shi asibiti Birnin Kebbi a ɗauki hoton ƙashi, don likitan matuƙa ba zai karɓi komai ba sai takardar asibiti. Malam Waliyyu, wanda aka ɗauko aka zaunar a gaba, ya juyo ya dube shi.

"Ukasha, daga Nijar mutane ka zuwa Aliero ɗori. Daga Legas suna zuwa. Kai da anka haihwa nan, kai za a kai wani wuri a sa ma ƙarhe cikin jiki?"

"Baba, aikinmu shina da ƙa'ida."

"Ƙashi bai san ƙa'idakku ba. Ni na karye nan ga ƙahwa tun ba a haihe ka ba, ka taɓa ganin ina ɗingishi? Lawali, mu tahi."

Bai taɓa musu da mahaifinsa a gaban mutane ba, ranar ma bai iya ba. Aka kai shi gidan masu ɗori, wani dattijo ya shafa hannun, ya ja, ya daidaita, ya ɗaure da kara. Jirgin kuwa ya kwana a Kebbi da fasinjojinsa a ƙasa.

Hannun ya ɗoru lafiya, ba wanda zai ce ba haka ba. Amma likitan matuƙa ya dakatar da shaidar lafiyarsa, ya ce tunda ba a ɗauki hoto tun farko ba, sai ya ga ƙashin ya gama haɗewa, ya gwada ƙarfin hannun sau da yawa kafin ya sa hannu. Kamfani kuma ya aiko da takardar tuhuma a kan abin da ya kai shi inda ba a same shi ba ranar jiran kira. Ya amsa gaskiya, aka yi masa gargaɗi a rubuce. 'Yan kwas suka tafi suka dawo yana zaune a Jega yana matsa ƙwallon roba a tafin hannu. A watannin nan ne kawai ya sami sakewa irin wadda bai sani ba tun da ya fara aiki. Ya kwana Maiyama, ya zaga dangi, ya kai Hanan makaranta da ƙafa. Bai ji daɗin ko ɗaya ba, hankalinsa na kan waya.

Da aka mayar masa da shaidar lafiya ya koma ya tarar abubuwa sun canza. Kamfanin ya fara sayar da jirage masu farfela yana kawo manya marasa farfela. An daina kwas na kyaftin a kan ƙananan, tunda ƙarewa za su yi. Wanda ya koma manyan kuwa, ko awoyinsa nawa, sai ya sake zama kujerar dama wasu shekaru ya san jirgin kafin a yi maganar hagu. Shugaban matuƙa ya shimfiɗa masa zaɓi biyu: ya koma Legas ya fara daga farko a babban jirgi, ko ya zauna Kebbi a kan ƙaramin da ya rage har ranar da za a sayar da shi, daga nan kuma ba wanda ya san abin da zai biyo baya.

Ya dawo gida ya faɗa wa Raihanatu bayan sallar magariba, tana tankaɗe gari a tsakar gida. Ya ce yana tunanin Baba, wanda tun bayan rabon fadama jikinsa ke ta ja baya. Ya ce yana tunanin aikinta, da makarantar Hanan, da tsadar zaman Legas. Ta bar shi ya gama jero dalilansa, sannan ta ajiye rariya.

"Baban Hanan, shekara nawa muna nan kusa da kowa, wa munka amfana? Babana ya rasu kana Jega. Kusa ɗin ga ba ta kai ka ko'ina ba. In Legas ta, aƙalla ranar hutunka taka ta. Mu tahi."

Washegari ya je Danwarai yana fargabar abin da tsohon zai ce. Malam Waliyyu yana kwance a zaure ya saurare shi, ya ce, "Lawali na nan. Tahi ka yi aikinka, Allah shi yi ma albarka." Ukasha ya fito yana jin kamar an sauke masa buhu daga ka.

Ya sanar da kamfani ya zaɓi Legas, aka ce madalla, aka sa masa watan da zai fara kwas na babban jirgi. Raihanatu ta ajiye aikin koyarwa, 'yan ajinta suka yi mata kuka. Suka sayar da kujeru da gado ɗaya, ta raba kajinta ga maƙwabta, ta nemo kwalaye a kasuwa ta shirya tukwane da kwanuka da littattafansa, ta rubuta abin da ke cikin kowane kwali a jikinsa. Suka yi sallama da Maiyama, aka yi musu addu'a.

Ana gab da tafiya Amira ta kira. Tun daga sallamarta ya gane.

"Ukasha, wallahi ni ma ba na son kiran nan. Wanda aka shirya zai karɓe ka ya sami aiki a wani kamfani, ya tafi. Ƙaramin jirgin kuma ba za a ƙara horar da kowa a kansa ba, ka sani. Kai kaɗai ka rage mai izinin tuƙa shi a cikin mataimaka, sai wani guda a Abuja. Sun ce ka riƙe musu wata ɗaya, a sa ka a kwas na gaba."

"Wata ɗaya."

"Haka suka ce in faɗa maka."

Ya riƙe wata ɗaya. Kwas na gaba ya zo, aka ce mai sayen jirgin ya janye, hanyar Kebbi kuma ba za a rufe ta ba, ya ƙara haƙuri. Ya nemi aiki a wasu kamfanoni biyu, duka suka ce masu izinin babban jirgi suke nema. Ya yi tunanin ajiye aikin gaba ɗaya, sai ya tuna damina ukun nan na rumfar albasa, ga shi yanzu furfura ta fara fito masa a gemu, ya san in ya sauka ba lalle ya sake hawa ba.

Malam Waliyyu ya rasu da kaka, ranar da Ukasha ke hutu, ya samu ya yi masa wanka ya sa shi a kabari da hannunsa. Mutane suka ce Allah ne ya tsayar da shi don wannan, shi ma yakan faɗa wa kansa haka wani lokaci. Amma kaka ta wuce, wata kakar ta zo ta wuce, jadawali bai daina shigowa da sunansa a Kebbi ba.

Raihanatu ta nemi komawa aikinta aka ce an cike gurbin, yanzu tana koyar da yaran unguwa a zaure da yamma. Kwalayen suna nan jere a ɗakin baƙi. Da farko ta ƙi taɓa su, tana girki da tukunya biyu da ta bari a waje, tana aron abin da ya rage wurin maƙwabta. Daga baya ta buɗe ɗaya ta ciro babbar tukunya saboda baƙin sallah. Sai na kwanuka. Ran nan Ukasha ya dawo daga Abuja da la'asar ya tarar ta kira kafinta yana auna ɗaki, za a yi sabon gado a madadin wanda suka sayar. Ya tsaya a bakin ƙofa da jakarsa a hannu.

"Ba ki jira mu ji abin da za su ce ƙarshen wata?"

"Hanan ta gaji da kwana ƙasa," ta ce, ba tare da ta juyo ba. Ta nuna wa kafintan bangon da take so gadon ya jingina, ta ce ya yi shi da katako mai ƙwari.